Makaman da Ba Sa Jin Yaren Juna

Ranar 14 ga Afrilun 1994, jiragen yaƙin Amurka biyu samfurin F-15 suka kakkaɓo jirage masu saukar ungulu biyu a arewacin Iraƙi. Mutum 26 suka halaka, kuma jiragen da aka harbo na Amurkar ne. Bincike ya nuna ɓangarorin biyu ba kan zangon rediyo ɗaya suke ba, na'urar tantance aboki da abokin gaba ita ma ba ta ba da amsar da matuƙan ke jira ba. Irin wannan asara na cikin abin da ya sa manyan rundunoni suka karkata ga buɗaɗɗun ƙa'idoji, wato tsarin da aka rubuta a fili yadda kowane kamfani zai iya ƙera na'urar da za ta yi magana da ta wani.

Yaƙin taron dangi shi ya fi matsa lamba. A Afganistan, ƙasashe sama da 40 suka yi aiki ƙarƙashin NATO, kowacce da hanyar sadarwarta ta sirri. Sai ka ga hafsa da kwamfuta biyu ko uku a kan tebur, yana karanta rahoto daga wannan yana sake bugawa da hannu cikin waccan, sojan da ke fagen fama kuwa yana jira. A 2010 aka kafa hanyar sadarwa guda ta aikin Afganistan, daga darasinta NATO ta gina tsarin da mambobinta ke bi yanzu.

Sai batun kuɗi, wanda a ganina ya fi kowane dalili nauyi. Kamfanin da ya ƙera jirgi ya kulle manhajarsa ya zama shi kaɗai ke gyara, shi ke sauya sassa, shi ke yanka farashi har tsawon rayuwar jirgin, kamar mai waya da ba ta karɓar caja sai ta kamfaninta. Jiragen F-22 da F-35 duka Lockheed Martin ne babban maƙerinsu, amma hanyoyin sadarwarsu na ɓoye ba sa fahimtar juna kai-tsaye. Majalisar Amurka ta gaji, a dokar kasafin tsaro ta 2017 ta wajabta a riƙa tsara manyan makamai da sassa masu cirewa da mahaɗa buɗaɗɗu.

Amfanin ya bayyana a Ukraine. Manhajarsu ta Delta, mai tara bayanan jirage marasa matuƙa da tauraron ɗan'adam kan taswira ɗaya, an gina ta bisa ƙa'idojin NATO, an kuma gwada ta a atisayen ƙawancen a Poland. Ƙananan kamfanoni ma sun samu ƙofar shiga kasuwar da a da manya suka mamaye.

Akwai masu tsoron cewa ƙa'idar da kowa ya sani za ta sauƙaƙa wa maƙiyi kutse. Tsoron bai kai yadda ake zuzuta shi ba, domin sirri yana cikin mabuɗin ɓoye saƙo, ba cikin siffar saƙon ba. Haɗarin gaske shi ne idan komai ya haɗu, rami ɗaya na iya kai ɓarawo ko'ina. Kuma ƙa'ida ba ta haifar da amana: ƙasa na iya samun hanyar aika bayani ta ƙi aikawa.

Lamarin ya shafe mu. Sojin saman Najeriya na da jiragen Super Tucano daga Amurka, JF-17 daga Pakistan, T129 daga Turkiyya, ga jirage marasa matuƙa daga China. A Tafkin Chadi kuma rundunar haɗin gwiwa mai hedikwata a N'Djamena na haɗa sojoji masu jin Ingilishi da masu jin Faransanci, kowa da kayan da ya saya daga inda ya samu. Duk kwangilar makamai da za a sa wa hannu ya kamata ta ƙunshi sharaɗin cewa mai sayarwa zai miƙa bayanan mahaɗar na'urarsa, injiniyoyinmu su iya jona ta da sauran ba tare da neman izini daga ƙetare ba.