Noman Koko a Wasan Minecraft

A unguwarmu Fagge, in aka ce koko, sai hankali ya tafi ga na safe da ƙosai. To, akwai wani kokon, wanda da shi ake yin cakulan da Bournvita da muke saye a kasuwar Sabon Gari. Ni dai a wasan kwamfuta na Minecraft na fara ganin itacensa.

A cikin wasan, a kurmi ake samunsa. Mutum zai manna ƙwaya a jikin gungumen itacen kurmi, ɗa ya fito kore, ya yi rawaya, sannan ya nuna. Wanda ya jira yakan sami har ƙwaya 3, mai gaggawa kuwa 1 tak. Ƙwaya 1 da alkama 2 suna ba da biskit 8.

Haka kokon gaske yake 'ya'ya a jikin itacensa, a jihohin Ondo da Osun masu yawan ruwan sama. Amma can manomi yakan jira shekara 3 zuwa 5. Da kuɗinsa aka gina Gidan Koko na Ibadan a 1965.

Saboda haka iyayenmu, ku bar mu mu taɓa wasan nan lokacin hutu, akwai ilimi a ciki. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, ku tuna mahaƙurci mawadaci.