Ƙawata Ɗaki da Gam Mai Ƙarfi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Fara

Da yawa daga kayan adon da kuke gani a ɗakunan amare da wuraren biki babu ɗinki a jikinsu, babu ƙusa. Madubin da aka zagaye da igiya, da maficin amarya mai gashin tsuntsu, da jakar hannu da aka lulluɓe da atamfa, da takalmin da aka jera wa duwatsu masu ƙyalli, duk gam ne ya riƙe su. Shi ya sa aikin yake da sauƙin shiga, domin ba ya buƙatar keken ɗinki ko shago. Sai dai mutane da dama sukan karaya tun a gwajin farko, idan suka ga abin da suka manna ya ɓamɓare bayan kwana biyu. Galibi hannunsu ba shi da laifi. Gam ɗin da suka ɗauko ne bai dace da abin da suke mannawa ba.

Wane gam ne ya fi ƙarfi?

Babu guda ɗaya da ya fi sauran a kowane aiki. Wanda zai riƙe ƙarfe gam-gam yana iya ƙona muku yadi, wanda kuma ya dace da yadi ba zai riƙe gilashi ba. Iri biyar ne za ku fi cin karo da su a kasuwa.

Na farko shi ne sufa gulu, wanda kowa ya sani, mai zuwa a ɗan bututu mai giram 3. Wani masanin haɗa sinadarai ɗan Amurka, Harry Coover, ya ci karo da sinadarinsa a 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ana neman roba mai haske da za a yi wa bindiga madubin saiti. Aka ajiye shi gefe saboda yana manne wa duk abin da ya taɓa, sai a 1958 kamfanin Eastman Kodak ya fara sayar da shi a matsayin gam. Abin da ya kamata ku riƙe game da shi shi ne, 'yar laimar da ke cikin iska da saman abu ita ke daskarar da shi. Yana kamawa cikin daƙiƙoƙi, amma ba ya cike rami, kuma idan ya bushe tauri gare shi, ba ya lanƙwasuwa. Ya dace da ƙananan abubuwa masu tauri da bakinsu ya haɗu daidai, kamar kunnen kofin ado na tangaran da ya karye.

Na biyu shi ne gam mai bututu biyu, wanda ake kira efoksi, kuma da yawa sun fi saninsa da sunan Araldite. Bututu ɗaya gam ne, ɗayan kuma maganin daskarar da shi. Sai kun matso su daidai wa daida kun gauraya sosai kafin ya fara aiki. Yana cike rami, ba ya tsoron ruwa, kuma shi ne gwanin ƙarfe da gilashi da dutse. Idan za ku manna dutse a kan ƙarfen ɗan kunne ko zobe, shi za ku nema.

Na uku gam ɗin kyandir, wanda ake zura sandarsa a 'yar bindigar lantarki ta narkar da shi. Yana kamawa da zarar ya huce, cikin minti ɗaya ko ƙasa da haka. Masu aikin fulawar roba da igiya da kwali da ribom ɗin yara sun fi amfani da shi saboda sauri. Ƙarfinsa matsakaici ne, kuma ba ya kama abu mai santsi da kyau.

Na huɗu gam ɗin masu takalmi, irin su Evo-Stik, mai launin zuma da wari mai ƙarfi. Shi ne na fata da roba da lulluɓe jaka ko takalmi da yadi. Yadda ake amfani da shi ya bambanta da sauran: ana shafa shi a fuskokin biyu, a bar shi ya sha iska kamar minti 10 zuwa 15 har ya daina bin yatsa, sannan a haɗa a danne. Da zarar sun haɗu ba sauran gyara, don haka ku daidaita da kyau kafin ku sauke hannu.

Na biyar su ne masu haske da ke bushewa a hankali kuma su kasance da laushi bayan sun bushe, irin su B-7000 da masu gyaran waya ke manna gilashin waya da shi, da E6000, da UHU da aka fara yi a Jamus a 1932. Su ne na jera duwatsu a mayafi da abaya da hula, domin yadi yana motsi, yana buƙatar gam da zai bi shi.

Akwai kuma farin gam na kafintoci, irin Top Bond. Kada ku raina shi don ba shi da wari ko sauri. A kan katako da takarda da kwali ya fi sufa gulu nesa ba kusa ba, matuƙar an danne aikin har ya bushe kuma ba za a bar shi a ruwa ba.

Me ya sa abin da na manna yake ɓamɓarewa?

Dalili na farko datti ne da ido ba ya gani. Gam yana kama abin da ya fara taɓawa. Idan ƙura ce ko maiƙon hannu ko man shafawa a saman abin, to su ya kama, kuma tare za su fita. Ku wanke abin, ku bar shi ya bushe ƙarau, sannan ku goge wurin da sifirit. Idan wurin mai santsi ne, kamar ƙarfe ko roba ko bayan ƙwarya, ku ɗan kankare shi da sanfefa, wato takardar nan mai yashi da kafintoci ke gugar katako da ita. Ƙananan zanen da za ta bari su ne gam zai shiga ya riƙe.

Na biyu yawan gam. Mutane suna ɗauka idan an labta da yawa zai fi kamawa. A sufa gulu musamman, akasin haka ne: ɗigo ɗaya da ya bazu siriri ya fi tabki. Idan ya yi yawa ba ya daskarewa da wuri, kuma tururinsa yana barin wani farin dusashe a kan gilashi da duwatsu masu ƙyalli, ya kashe musu haske. Wannan ne dalilin da ya sa ba a son sufa gulu a aikin duwatsu.

Na uku gaggawa, kuma a ganina ita ta fi ɓata aiki. Kamawa daban, nuna daban. Efoksi mai saurin kamawa yana tauri cikin minti 5, amma cikakken ƙarfinsa sai ya kwana. B-7000 da E6000 suna son awa 24 zuwa sama, wani lokaci har kwana uku. Mayafin da aka jera wa dutse da safe aka yafa shi zuwa biki da yamma, a hanya zai fara zubar da duwatsunsa. Ku danne aiki da abin maƙale shanya ko robar ɗaure kuɗi ko wani abu mai nauyi, ku bar shi har gobe.

Akwai abin da gam ba ya kamawa?

Akwai. Robar jarka da bokiti da leda da yawancin robobin abinci suna da santsin da gam ba ya iya riƙewa, ko da sufa gulu ne ko efoksi. Ku juya gindin robar, za ku ga ɗan alwatika da lamba a ciki. Idan 2 ce ko 4 ko 5, kada ku wahalar da kanku da manna abu kai tsaye. Ku huda ku ɗaure da waya, ko ku nannaɗe ta da yadi ko igiya ta yadda gam zai kama yadin da yadi.

Farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin talabijin ko firiji kuwa, gam mai wari narkar da shi yake yi. Farin gam ne ya dace da shi. Haka bayan madubi: wasu gam masu wari suna cin fentin da ke bayansa, bayan ɗan lokaci ku ga baƙin tabo ya fito ta gaba.

Sannan kada ku dogara da gam wajen rataye abu mai nauyi a bango. Fentin bango zai kama, kuma ranar da fentin ya saki, madubi zai faɗo. Ku yi adon da gam, amma ratayewa aikin ƙusa ne. Masu zaman haya su ƙara lura, domin gam yana ɗauko fenti har da filasta idan an zo cirewa.

Da wane aiki zan fara?

Ku fara da abin da ba za ku ji ciwo ba idan ya lalace. Gwangwanin madara babba ya isa. Ku cire takardarsa, ku wanke, ku busar, ku bubbuge bakinsa idan yana da kaifi. Ku samo igiyar rama ko wata igiya mai kauri kaɗan. Ku ɗiga gam ɗin kyandir a gindin gwangwanin, ku danna bakin igiyar har ya kama. Daga nan ku riƙa zuba gam tsawon ɗan yatsa kawai, ku kwantar da igiya a kai, ku tura ta ta matsu da layin da ke ƙasa, sannan ku ƙara gaba. Kada ku zagaye gwangwanin da gam gaba ɗaya, domin ƙarfe yana saurin sanyaya shi, zai huce kafin igiya ta iso. Idan kun kai sama, ku yanke igiyar a karkace ku cusa bakinta ciki. Ku yanko ƙyallen atamfa mai faɗin yatsa biyu, ku naɗe gefunansa kada zare ya fito, ku ɗaura a tsakiya. Kun sami mazubin fulawa ko na buroshin kwalliya. Zaren gam da zai rage kamar yanar gizo-gizo, ku bari ya huce ku tsince.

Idan hannu ya faɗa, sai ku matsa zuwa jera faifai masu launi a kan allo, ko yi wa ƙwarya ado da wuri, ko duwatsu a mayafi. A na ƙarshen, ku shimfiɗa leda a ƙarƙashin yadin don kada gam ya ratsa ya manne da ɗaya ɓarin. Ku ɗebi gam da tsinken sakace, ku ɗiga ɗan mitsitsi, ku ɗora dutsen ku danna a hankali. Idan gam ya fito ta gefen dutsen, ya yi yawa.

Yanayi yana shafar aikin?

Ƙwarai. Da hunturu iska ta bushe, sufa gulu yakan yi jinkirin kamawa saboda ƙarancin laima. Ku huro numfashi a fuska ɗaya kafin ku haɗa, zai taimaka. Ƙurar lokacin ma tana sauka a kan gam kafin ya bushe, don haka ku kifa kwali a kan aikin. Da damina farin gam yana daɗewa bai bushe ba. Da bazara kuwa gam ɗin kyandir ne ke shan wahala: abin da aka bari cikin mota a rana ko kusa da taga yana iya yin laushi ya saki.

Wane haɗari ne ke ciki?

Wannan sashen nake so ku karanta ko da kun tsallake sauran. Sufa gulu yana haifar da zafi mai tsanani idan ya zuba a kan auduga ko ulu, har ya yi hayaƙi ya ƙona fatar da ke ƙarƙashin rigar. Kada ku sa safar hannu ta auduga, kada kuma ku goge shi da auduga. Idan ya manne muku yatsu, kada ku fizge. Ku jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu, ku riƙa murzawa a hankali, ko ku shafa man gyaɗa ko maganin goge jan farce mai sinadarin asiton. Idan ya shiga ido, ku wanke da ruwa mai tsabta, kada ku buɗe fatar idon da ƙarfi, kada asiton ya kusanci wurin, ku tafi asibiti nan take. Likitocin ido sun sha ganin waɗanda suka ɗiga shi a ido bisa kuskure, saboda wasu kwalabensa sun yi kama da na maganin ido. Kada ku taɓa ajiye su wuri ɗaya.

Bindigar gam tana iya kai zafin digiri 190, alhali ruwa a 100 yake tafasa. Idan gam ɗin ya ɗiga a fata, ku sa wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi kamar minti 20. In babu wuta kuka koma narkar da sandar a kan kyandir, ku yi hattara da ɗigarsa.

Gam ɗin takalmi da sauran masu wari suna kama wuta, don haka ku nisanta su da risho da gas da gawayi, ku yi aiki a tsakar gida ko ku buɗe taga. Tururinsu dangin na sholisho ne da ke lalata ƙwaƙwalwar matasan da ke shaƙarsa, saboda haka a kulle su inda yara ba za su kai ba. Mai juna biyu da mai asma gara su tsaya a farin gam da na kyandir. Kofi ko kwanon da aka gyara da gam ya koma na ado, a daina ci da sha a ciki. Kayan jarirai kuma kada a manna musu ƙananan duwatsu, domin suna ɓallewa su tafi baki.

Nawa zan kashe?

Ba sai kun sayi duka ba. Bindigar gam da sandunanta, da bututu ɗaya na B-7000, da ƙaramin farin gam, da sanfefa da almakashi sun ishe ku farawa. Bindigar ce ta fi tsada, kuma sau ɗaya ake sayenta. Sandunan suna zuwa da kauri biyu, milimita 7 da 11, don haka ku tafi da bindigar ko guntun sanda lokacin saye. Sauran kayan yawanci suna gida: kwalabe, gwangwanaye, kwalaye, da ƙyallayen da tela zai ba ku kyauta ko da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A Kano ana samun yadi a Kantin Kwari, fata da faifai da ƙwarya kuma a Kasuwar Kurmi.

Sufa gulu ku riƙa sayen ƙarami, domin da zarar an buɗe shi ba ya wuce wata ɗaya zuwa biyu bai daskare ba. Ku goge bakinsa da leda, ku rufe da kyau, ku ajiye a tsaye cikin kwalba mai murfi. Kafin ku biya kuɗin kowane gam, ku matsa bututun ku ji ko bai yi tauri ba, ku duba ranar da aka rubuta zai lalace. Idan kuma sayarwa za ku riƙa yi, ku lissafa kuɗin gam da na wuta da lokacin da kuka ɓata a cikin farashi, sannan ku gaya wa mai saye cewa kayan dutse da hannu ake wanke su a ruwan sanyi, ba a murza su, ba a kuma ɗora dutsen guga a kan wurin da aka manna.