Daga Garatu Zuwa Bakin Teku: Koyar da Ilimin Gaɓar Teku da Hausa ga Ɗaliban Tudu

1.0 Gabatarwa

Nijeriya tana da gaɓar teku mai tsawon kimanin kilomita 853, wadda ta miƙe daga iyakar Jamhuriyar Benin ta yamma zuwa iyakar Kamaru ta gabas, ta ratsa jihohi takwas. A cikin jihohin nan babu wadda Hausa take harshen asali a cikinta. Saboda haka, duk lokacin da aka zauna tsara darussan muhalli da Hausa, batun teku shi ake saurin tsallakewa, ko kuma a dunƙule shi cikin jimla biyu: ruwansa na gishiri ne, kuma manyan jirage na bi ta kansa. Hujjojin da akan kawo guda biyu ne. Na farko, wai yaron Arewa bai taɓa ganin teku ba. Na biyu, wai Hausa ba ta da kalmomin da za su ɗauki wannan fanni.

Wannan maƙala za ta auna hujjojin nan biyu. Mun ɗauki Garatu a matsayin misali, wato garin nan da ke kan hanyar Minna zuwa Bida a Ƙaramar Hukumar Bosso, kusa da mazaunin Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano. Gari ne na manoman doya, inda Gwari da Nufawa da Fulani da Hausawa suke cuɗanya, Hausa kuwa ita ce harshen kasuwa. Tsakaninsa da teku akwai ɗaruruwan kilomitoci. Idan darasin ya zauna daidai a ajin Garatu, to zai zauna a mafi yawan makarantunmu.

2.0 Inda Gaɓar Teku Ta Faro

Masana wannan fanni sun daɗe da barin ɗaukar gaɓa a matsayin siririn layin da ruwa ya taɓa ƙasa. A wajensu yanki ne mai faɗi, wanda ya haɗa da yashin bakin ruwa da fadamu da bakunan koguna da ruwa marar zurfi na kusa da tudu. Tun taron muhalli na duniya da aka yi a Riyo ta ƙasar Burazil a 1992 aka ƙarfafa ra'ayin cewa ba a iya kula da wannan yanki sai an haɗa da kogunan da ke kwarara cikinsa. A nan ne Jihar Neja ta shigo cikin lissafi.

Ruwan saman da ya sauka a gonar doya a Garatu yakan bi ƙorama ya faɗa rafi, rafi ya kai shi babban kogi, har ya tarar da Kwara, wato Kogin Neja. Daga nan sai Lokoja, inda Binuwai ke haɗuwa da shi, sai Onica. Can ƙasa da Onica kogin ya rabu gida biyu, Nun da Fokados, waɗannan kuma suka yi ta rarrabuwa har suka shiga Tekun Atalantika ta bakuna masu yawa. Malamin tarihi ma yana da abin cewa a nan, domin daga Busa, wadda ke cikin Jihar Neja ta yau, 'yan'uwan nan biyu Richard da John Lander suka gangara cikin kwalekwale a 1830 har suka fita teku, abin da ya tabbatar wa Turawa inda kogin yake ƙarewa.

Ba ruwa kaɗai kogi ke ɗauka ba. Yana tafe da laka da yashi, kuma da su ne ya gina ƙasar da ake kira Neja Delta cikin dubban shekaru. Teku na ci ta gaba, kogi na cikowa ta baya. Muddin cikon ya yi daidai da cin, gaɓa na nan inda take. To, manyan madatsun ruwa huɗu na samar da lantarki suna cikin Jihar Neja ko kan iyakarta: Kainji wadda aka kammala a 1968, da Jebba a 1985, dukansu a kan Kwara, sai Shiroro a 1990 da Zungeru a 2023, a kan Kogin Kaduna. Da zarar ruwa ya shiga tafkin madatsa gudunsa ya ragu, sai laka ta kwanta a ƙasa, ruwan ya wuce ba tare da kayansa ba. Masu bincike suna lissafa wannan raguwar laka cikin dalilan zaizayar gaɓar Delta, tare da haƙar mai da gas, da sare itatuwan bakin ruwa, da hauhawar tekun kansa sakamakon ɗumamar yanayi. Ba muna cewa gina madatsun kuskure ba ne. Da wutarsu ake karatu a Minna da Legas baki ɗaya. Abin da muke so ɗalibi ya gane shi ne, shawarar da aka yanke a tudu tana da sakamako a bakin teku. Haka kuma ledar da aka jefa a kwata, da ragowar takin zamani da maganin ciyawa da ruwa ya wanke daga gona, duk hanyarsu ɗaya da ta lakar.

Akwai misali na kusa da wannan a Legas, wanda ya kamata ya shiga littafin ɗalibi saboda sauƙinsa. Tsakanin 1908 da 1912 an gina dogayen katangun duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwa domin hana yashi toshe ta. Amma a wannan gaɓa igiyar ruwa daga yamma take tura yashi zuwa gabas. Sai yashin ya taru a yammacin katangun, bakin ruwan Bar Beach da ke gabas ya rasa mai ciko, teku ya yi ta cin sa shekara da shekaru. Duk yaron da ya taɓa tare ruwan kwata da dutse ya ga yashi ya taru ta sama, ƙasa ta rarake ta ƙasa, ya riga ya san rabin wannan bayani.

3.0 Tafkin Kainji a Matsayin Madubi

Hujjar cewa yaro bai ga teku ba gaskiya ce, amma ba ta hana koyarwa, domin ƙa'idar koyarwa ita ce a tashi daga sananne zuwa baƙo. Jihar Neja tana da ruwan da ya isa a yi kwatance da shi. Tafkin Kainji ya kai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, kuma sai da aka tashi mutane kimanin 44,000 kafin a cika shi, har da tsohon garin Busa da ruwa ya shanye.

Abin da ya fi amfani ga malami a wannan tafki shi ne yadda ruwansa ke hawa da sauka. Ambaliya biyu ke shigarsa kowace shekara. Ta farko, wadda masana ke kira farar ambaliya, ta ruwan daminar yankinmu ce, tana zuwa daga wajen Agusta zuwa Oktoba, cike da laka. Ta biyu, baƙar ambaliya, ruwan da ya sauka ne a tsaunukan ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali inda ya sauke lakarsa, sannan ya iso da sanyin hunturu, garau da shi. Idan rani ya yi nisa aka ci gaba da sakin ruwa don lantarki, tafkin yakan ja baya da mitoci da dama, ya bar fili mai danshi wanda manoma ke shukawa, makiyaya ke kiwo a kai. In ruwa ya dawo ya rufe ciyawar wurin, nan ƙananan kifaye ke samun abinci da maɓoya.

Wannan fili da ruwa ke rufewa yana buɗewa shi ne mabuɗin darasin. A bakin teku ma akwai irinsa, sai dai abin da Kainji ke yi sau ɗaya a shekara, teku yana yin sa sau biyu a kwana guda, saboda jan da wata da rana ke yi wa ruwa. Tazarar hawa da saukar ba ta wuce kimanin mita ɗaya a Legas, tana ƙaruwa in an nufi gabas har ta kai wajen mita uku a Kalaba. A irin wannan fili ne dajin bakin teku yake tsirowa, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansa. Saiwoyin itatuwansa suna riƙe laka, suna karya ƙarfin taguwa, kuma a tsakaninsu jatan lande da kifaye iri-iri ke girma kafin su fita teku. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 kan ƙasar Ogoni ya nuna irin ɓarnar da malalar mai ta yi wa wannan daji.

Ta fuskar kula da albarkatu ma kwatancen bai karye ba. Masunta sun san sarautar Sarkin Ruwa, sun san hani a kan raga mai ƙananan idanu da kamun kifi da guba. Abin da hukumomin gaɓar teku ke fama da shi ke nan, sai dai nasu ya fi faɗi. Cibiyoyin binciken kansu tagwaye ne: ta kifin ruwan daɗi tana Sabuwar Busa, ta faro a 1968 a matsayin shirin binciken Tafkin Kainji, ta binciken teku kuma tana Legas tun 1975. A 2023 Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikata ta musamman don harkokin teku da tattalin arzikinsa. Ɗan Garatu yana da haƙƙin neman aiki a waɗannan wurare kamar ɗan Badagiri.

4.0 Matsalar Keɓaɓɓun Kalmomi

Mu koma kan hujja ta biyu, wadda ta fi shafar aikinmu. A ganinmu kalmomin fannin sun kasu uku, kuma kaso mafi girma Hausa tana da shi tun tuni. Akwai gaɓa da gaci da tsibiri da mashigi da fadama da laka da rairayi da zaizaya. Akwai sunayen kifaye irin su giwan ruwa da tarwaɗa da karfasa da kurungu da yauni, da kayan su irin su koma da taru da birgi da gora. Ƙamusun Bargery na 1934 da na Jami'ar Bayero na 2006 taska ce a wannan fage, bakin Sarkawan Yawuri kuwa ya fi su. Misali mafi kyau shi ne zartsi. Ruwan da ke bakin kogi, inda na daɗi ya gauraya da na gishiri, masu fassara kan yi ta kewaye-kewaye wajen bayyana shi, alhali duk wanda ya sha ruwan rijiya mai zartsi ya san ɗanɗanon. A ce ruwan zartsi, an gama. Haka nan wuri: kuɗin da aka yi ciniki da su a kasuwar Kano a ƙarni na 19 ɓawon wata halittar teku ce, mafi yawansu daga Tekun Indiya. Ashe teku ya daɗe da shiga aljihun Bahaushe.

Kaso na biyu shi ne kalmomin da muke da su amma aka ɗora musu kaya fiye da ƙima. Igiyar ruwa ita ce babbar mai wannan matsala, domin akan yi amfani da ita ga abubuwa uku mabambanta: tudun ruwan da iska ke tayarwa, da gudun ruwa mai bin hanya guda, da hawa da saukar da wata ke haddasawa. A hira wannan ba laifi, a ajin kimiyya kuwa ruɗani ne. Shawararmu ita ce a bar taguwa ko raƙuman ruwa ga na farko, a keɓe igiyar ruwa ga na biyu, na uku kuma a kira shi cikar teku da janyewarsa, filin da ke tsakani a ce masa majanyar teku. Kalmar delta ma tana cikin wannan kaso. Ɗalibanmu sun san ta daga labaran rediyo a matsayin sunan yankin man fetur da rikici, ba su san siffar ƙasa take nufi ba. Ba mu ga dalilin korar ta ba, tunda ta riga ta zauna, amma a fara gabatar da ita da bayanin yatsun kogi, a zana tafin hannu a allo, sannan a nuna cewa Kogin Nilu ma yana da tasa a Masar.

Kaso na uku, wanda babu shi sam a Hausa, ɗan kaɗan ne, kuma itacen dajin bakin teku ne kan gaba. Idan aka ari sunan Ingilishi aka hausantar da shi, mangurof zai fito, kunnen yaro kuwa mangwaro zai ji, ya ɗauka ana shan 'ya'yansa. Mun fi karkata ga itacen zartsi, dajinsa kuma dajin zartsi, domin sunan yana ɗauke da bayanin inda itacen ke rayuwa, ya kuma ɗaure da kalmar da ɗalibi ya riga ya koya. Sai dai ƙirƙira a ofis ba ta wadatar ba. Hausawa mazauna Legas da Fatakwal da Kalaba, musamman masu fataucin busasshen kifi da jatan lande, suna ganin waɗannan abubuwa kullum, kuma ya kamata a ji yadda suke kiransu kafin kwamiti ya buga hatimi.

5.0 Tsarin Darasi

Ba mu ba da shawarar a buɗe sabon fanni ba. Manhaja ta riga ta cika. Abin da ake bukata shi ne a sauya jerin batutuwan da ke akwai, ya bi tafiyar ruwa: ƙoramar gari a firamare, kogi da madatsa a farkon ƙaramar sakandare, delta da gaɓar teku a ƙarshenta. Batun ambaliya ya shiga kowane mataki, tunda ɗaliban jihar sun ji abin da ya faru a 2012 da 2022, da kuma ta Mokwa a watan Mayun 2025.

Kayan aiki ba su da tsada. Da faranti mai faɗi da yashi da butar ruwa ana gina delta a tsakar makaranta. A sa ɗan katako a tsakiya ya zama madatsa, yara su ga inda yashin ya tsaya. Kwalba biyu, ɗaya a cika ta a rafi cikin Agusta, ɗaya cikin Janairu, a bar su su kwanta a gwada kaurin lakar. Makarantun Garatu da kewaye suna da madatsar Tagwai a Minna, da sashen nazarin ruwa da kiwon kifi na jami'ar da ke maƙwabtaka da su. Idan za a kai ziyara bakin tafki, a yi ta sau biyu, a ƙarshen damina da kuma ƙarshen rani, ɗalibai su kafa turke a inda ruwa ya tsaya a zuwan farko, su auna tazarar da ya janye a zuwa na biyu.