Nankarwa: Abin da cikin ƙanwata ya koya mini a Garu

Wata ranar Laraba cikin hunturun bara, ƙanwata ta ja ni ɗaki a gidan aurenta da ke zangon Garu, ta tura ƙofa, ta ɗaga riga. "Yaya, dubi abin da ya same ni," in ji ta, idonta cike da ƙwalla. Cikinta na fari ne, wata bakwai. Daga ƙasan cibiya zuwa kwankwaso wasu layuka ne masu duhu sun jeru, kamar an ja su da farce. Na yi dariya na ce, ai nankarwa ce, ni ma ina da ita, Inna ma tana da ita. Ba ta yi dariya ba. Sai ta buɗe akwati ta fito da wata kwalba da babu rubutu ko ɗaya a jikinta, ta ce wata uku ke nan tana shafawa safe da yamma. Ta kuma faɗa mini abin da ya fi tayar mini da hankali: ta daina cin tuwon dare, wai don kada cikin ya yi girma fatar ta ƙara tsagewa.

Man ta saye shi ne a hannun wata mai talla da ke saro kaya daga Bawku. Shawarar rage abinci kuwa wata ƙawarta da ke aure a Yendi ce ta turo mata a WhatsApp. Tun daga ranar na shiga bin diddigin wannan magana. Abin da na gano ba zai yi wa masu sayar da mai daɗi ba, amma ina ganin kowace mai ciki a zangunanmu ta cancanci ta ji shi.

Mece ce nankarwa?

Fatar mutum hawa-hawa ce. A ƙarƙashin wadda muke gani akwai wata mai kauri, wadda ke ɗauke da wasu zarurruka da likitoci ke kira kolajin da ilastin. Su ne ke sa fata ta miƙe ta kuma koma kamar roba. Idan ciki ya yi ta girma cikin ɗan lokaci, ga kuma sinadaran jiki da ke sauyawa lokacin goyon ciki suna sassauta waɗannan zarurruka, sai su tsinke daga can ciki. Tabon wannan tsinkewa shi muke gani a waje mu ce nankarwa.

Ba cuta ba ce, ba ta taɓa jariri, ba kuma ta hana haihuwa lafiya. Alƙaluman likitoci sun nuna tana fitowa ga mata 50 zuwa 90 cikin kowane 100 masu ciki, yawanci daga wata na shida ko na bakwai. Ta fi fitowa a ciki, ƙirji, cinyoyi da kwankwaso. A jikinmu na baƙaƙen fata takan fara da duhu, wani lokaci da ƙaiƙayi, sannan bayan haihuwa ta riƙa dusashewa a hankali cikin wata shida zuwa shekara guda. Ba ta ɓacewa gaba ɗaya, amma takan lafa sosai.

Waɗanda ta fi kamawa su ne wadda mahaifiyarta ko yayyenta ke da ita, da yarinyar da ta yi ciki da ƙananan shekaru, da wadda ƙibarta ta ƙaru da yawa cikin sauri, da mai ɗauke da babban jariri ko tagwaye. Da na kira mahaifiyarmu a Salaga na ba ta labari, cewa ta yi: "Ke ma dai! Ni da na haife ku bakwai, da man kaɗe na yi ta shafe cikina, kuma ta fito. Kakarku ma haka." A taƙaice Inna ta faɗi abin da bincike ya tabbatar: gado na da babban rabo a wannan lamari.

Shin akwai man da ke hana ta?

Nan ne gizo ke saƙar. A 2012 ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tattara binciken likitanci ta tace shi, ta duba gwaje-gwaje shida da aka yi a kan mata 800. Sakamakon shi ne babu wata ƙwaƙƙwarar hujja da ke nuna cewa mayukan da aka gwada suna hana nankarwa fitowa.

Mu a Ghana muna alfahari da man koko, ba kokon da muke sha da ƙosai da safe ba, kokon da ake nomawa a kudu ana yin cakulan da shi. An gwada shi a Lebanon a 2008 a kan mata 175 masu cikin fari: an ba wasu man koko, an ba wasu wani mai da babu koko a ciki, kuma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. An sake gwadawa a Jamaika a 2010 da mata 300, aka samu abu ɗaya. Man zaitun ma an gwada shi a Iran, bai hana ba.

To man kaɗe fa, wanda Allah Ya hore mana a nan arewa? Duk wadda ta tashi a Garu ta san yadda mata ke sammako da farkon damina su tsinci 'ya'yan kaɗanya, a dafa, a shanya, a daka, a soya, a niƙa, a yi ta bugawa da hannu har mai ya taso. Mai ne mai kyau, ba kuma zan ce kowa ta daina shafa shi ba. Yana laushin fata, yana rage ƙaiƙayi da bushewa, musamman a hunturu lokacin da iska ke tsattsaga leɓe da diddige. Ga araha, ga shi mun san abin da ke cikinsa. Sai dai shi a saman fata yake aiki, tsinkewar kuwa daga can ƙasa take faruwa. Ki shafa don jin daɗin jikinki, amma idan nankarwa ta fito kada ki ce sakacinki ne.

Garin neman gira

Kwalbar ƙanwata ce ta sa na rubuta wannan. Washegari na raka ta awon ciki, muka tafi da kwalbar. Ungozomar da ta duba ta ta shafa man a bayan hannunta, ta dubi fatar cikin, wadda ta yi haske ta yi sirara har jijiyoyi na nunawa, ta girgiza kai. Ta ce irin wannan haɗin da ake zubawa a kwalba ba suna, sau da yawa mayukan bilicin ne ake cakuɗawa, kuma ta daina shafawa daga ranar.

Ga abin da ya kamata mu sani. Da yawa daga cikin mayukan ƙara hasken fata na ɗauke da magunguna masu ƙarfi dangin siteroyid, waɗanda za ki ga an rubuta clobetasol ko betamethasone a jikin kwalinsu. Likita kan ba da su na ɗan lokaci don wasu cututtukan fata. Amma idan aka daɗe ana shafa su, sirantar da fata suke yi, su kuma haifar da nankarwa da kansu, mai faɗi da zurfi, wadda ta fi ta ciki muni. Wato abin da aka sayar wa ƙanwata a matsayin rigakafi yana iya zama shi ke ƙara rura wutar. Bayan haka, yawan shafa masu ƙarfin cikinsu lokacin goyon ciki an danganta shi da haihuwar jariri marar nauyi.

Akwai kuma hydroquinone. A 2016 Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, FDA, ta sanar da hana shigo da mayukan shafawa masu ɗauke da shi. Amma mu da ke zaune kusa da iyakar Togo da ta Burkina Faso mun san yadda kaya ke ratsowa a bayan babur. Wasu mayukan da sabulai kuma na ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke shiga jini ya isa ga jariri, ya kuma cutar da ƙwaƙwalwarsa. A 2018 hukumar ta FDA ta ja kunnen mata masu ciki da ke shan ƙwayoyin glutathione da nufin wai su haifi farin jariri. Sannan akwai tretinoin, wanda likitoci kan bayar don rage sabuwar nankarwa, amma an hana mai ciki amfani da shi saboda tsoron illa ga abin da ke cikinta.

Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk man da babu suna, babu jerin abin da ke ciki, babu lambar rajistar FDA, kada ya taɓa jikin mai ciki. Wanda kuma ke da rubutu, ki tafi da shi wurin awo a duba miki.

Yunwa ba rigakafi ba ce

Da aka gwada jinin ƙanwata a ranar, ya sauka zuwa 8. Ga mai ciki, duk abin da ya gaza 11 ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 kuwa ya yi tsanani. Ashe jirin da take fama da shi, da hakin da take yi idan ta ɗebo ruwa, ba laulayi ba ne kawai. Ta kuma amsa cewa ƙwayoyin ƙarin jini da ake ba ta tana ɓoye su ƙarƙashin katifa, don an ce mata suna sa jariri ya yi ƙato. Wallahi jikina ya yi sanyi. Mace mai ƙarancin jini, zubar jinin da wata za ta jure lokacin haihuwa ita yana iya tafiya da ita. Kuma ƙarancin jini ga masu ciki matsala ce da ta yi katutu a arewacin Ghana tun kafin wani ya zo da maganar rage abinci.

Gaskiya ne ƙiba mai yawa cikin sauri na ƙara nankarwa, kuma wannan ne ɓangaren da mace ke da ɗan iko a kai. Amma abin da ake nufi shi ne daidaito. Ƙa'idar da masana lafiya na Amurka suka fitar a 2009, wadda ake amfani da ita a wurare da dama, ta ce mace mai matsakaicin jiki ta ƙaru da kilo 11.5 zuwa 16 a tsawon cikin gaba ɗaya. Siririya tana bukatar kilo 12.5 zuwa 18, mai jiki kilo 7 zuwa 11.5, mai ƙiba sosai kuwa kilo 5 zuwa 9. Shi ya sa ake ɗora ki a sikeli duk ranar awo ana rubutawa a littafinki.

Abin da za a rage shi ne lemon kwalba, yawan sukari a shayi da koko, da soye-soye. Abin da za a riƙe kuwa yana nan a kasuwar Garu: tuwon zafi da miyar kuka ko ta zogale ko ayoyo da daddawa, wake, gyaɗa, ƙwan zabi, ƙananan busassun kifi, hanta idan an samu, da mangwaro ko lemon zaƙi a lokacinsu. A sha ruwa sosai, a riƙa ɗan tattaki, a sha maganin ƙarin jini kullum, da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake bayarwa a wurin awo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara tun 2016 cewa mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. A Ghana tun 2008 aka sa kula da masu ciki kyauta ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIS, ga kuma ƙananan asibitocin CHPS a ƙauyuka, tsarin da ya samo asali daga Navrongo a nan jiharmu. Kuɗin kwalba ɗaya ta haɗin nan ya isa kuɗin babur zuwa awo da dawowa.

Lokacin da ba nankarwa ce kawai ba

Ɗan ƙaiƙayi a kan ciki ba abin tsoro ba ne. Amma idan ƙaiƙayi ya tsananta a tafin hannu da tafin ƙafa, musamman da dare, ba tare da ƙuraje ba, yana iya zama matsalar hanta da ke da haɗari ga jariri, sai a je asibiti a gwada jini. Idan ƙuraje masu ƙaiƙayi suka feso a cikin layukan nankarwar, shi ma a nuna, akwai maganinsa. Idan ciki ya yi girma fiye da kima cikin 'yan makonni, a duba ko tagwaye ne, ko ruwa ne ya yi yawa, ko ciwon sukari na goyon ciki. Idan kuwa fuska da hannuwa suka kumbura farat ɗaya, ga ciwon kai da gani dishi-dishi, wannan ba ya jiran ranar awo. Alamar hawan jini ce mai kai wa ga jijjiga.

Magana ga maza da dangin miji

A hanyarmu ta komawa gida na tambayi ƙanwata me ya kai ta ga duk wannan. Ta yi shiru, can ta ce wata rana tana canza kaya wata daga dangin mijinta ta ce mata, "Amarya, tun yanzu jiki ya fara lalacewa? Ki yi hattara fa, maza ba su da haƙuri." Wannan 'yar maganar ce ta hana ta cin tuwo wata biyu.

Na samu mijinta na faɗa masa komai. Bawan Allah bai ma san ana yi ba. Ya ce, "Yaya, ni wallahi ko lura ban yi ba." Na ce to ka lura, ka kuma faɗa mata da bakinka cewa ba ta dame ka ba, don shirunka ne ya bar wa wasu fili. Daga ranar shi ke miƙa mata maganin ƙarin jini da hannunsa bayan sallar isha'i, ya tsaya har ta haɗiye.

Ta haihu lafiya a asibiti, 'ya mace, muka sha suna, Inna ta zo daga Salaga da ƙwaryar man kaɗe. Nankarwar tana nan, ta dusashe ta koma kamar zanen da aka daɗe ana wankewa. Wurin da haɗin nan ya sirantar ne ya fi daɗewa bai dawo daidai ba.

Don haka 'yar'uwa, idan kina da ciki kika ga layukan nan, ki shafa man kaɗenki, ki ci abincinki, ki je awonki, ki bar kwalbar da ba ta da suna a hannun mai ita. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana abin da aka haifa.