Motar Alfarma Mai Shan Dizal: Ƙarfinta, Tsadarta da Yadda Ake Riƙe Ta

Motar alfarma mai shan man dizal ta haɗa abu biyu da a da ake ganin ba sa zama wuri ɗaya: jin daɗin zama irin na manyan mutane, da injin da aka saba gani a tirela, tarakta da janareto. A cikin wannan jinsi akwai Marsandi S-Class da E-Class, BMW 7 Series, Audi A8, Range Rover, Toyota Land Cruiser da Lexus LX. Ana gane su ta haruffan da ke manne a bayansu: CDI ko BlueTEC a Marsandi, TDI a Audi, ƙaramin harafin d a BMW. Man da suke sha shi ne wanda direbobin arewacin Najeriya ke kira gas, na Nijar kuma gazuwal. Ribar irin wannan mota da asararta duk sun rataya ne a kan abu uku: irin tafiyar da ake yi da ita, ingancin man da ake zuba mata, da hannun da ke gyara ta.

Asalinta

Injiniyan nan na Jamus, Rudolf Diesel, shi ya ƙirƙiro injin, kuma ya yi nasarar tayar da shi a birnin Augsburg a 1897. Shekaru masu yawa injin bai wuce masana'antu, jiragen ruwa da manyan motoci ba, saboda nauyinsa da ƙararsa da girgizarsa. A 1936 kamfanin Marsandi ya fito da 260 D, ɗaya daga cikin motocin fasinja na farko masu dizal, sannan a 1978 ya sa injin dizal mai tobo a cikin S-Class, ya kira ta 300 SD. A wannan zamanin ne 240 D da 300 D suka yi suna wajen juriya, har suka zama motocin haya a ƙasashen Afirka da dama.

Babban sauyi ya zo a 1997, lokacin da aka fara sayar da motoci masu sabon tsarin feshin mai wanda kwamfuta ke sarrafawa. Tsarin ya rage ƙara da hayaƙi, ya ƙara ƙarfi, har mai zama a kujerar baya ba ya iya bambance injin dizal da na fetur. A 2006 wata Audi mai dizal ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa. Zuwa 2011, fiye da rabin sababbin motocin da ake sayarwa a yammacin Turai masu dizal ne, domin ƙasashe irin su Faransa da Jamus sun sassauta wa dizal haraji fiye da fetur.

Yadda injin ke aiki

Injin fetur yana buƙatar fulogi don kunna mai. Na dizal ba ya buƙata. Fistin ne ke matse iska zalla a cikin silinda har girmanta ya ragu ninki 15 zuwa 20, ta yi zafi ƙwarai, sai nozul ya fesa mai a cikinta ya kama da kansa. Wannan matsa mai tsanani ita ce sirrin tattalinsa. Ƙari a kan haka, lita ɗaya ta dizal ta fi ta fetur makamashi da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari.

Abin da mai tuƙi ke ji shi ne ƙarfin ja. Injin dizal mai lita uku yana ba da cikakken ƙarfinsa tun yana juyawa a hankali, don haka mota mai nauyin tan biyu ko fiye takan tashi ba tare da gurnani ba, ta wuce tirela a kan hanya cikin sauƙi, ta hau tudu da kaya a bayanta. Wannan ɗabi'a ta dace da motar alfarma, wadda ake so ta yi tafiya cikin natsuwa.

Lissafin mai

A kan doguwar hanya, babbar mota ƙirar salun mai dizal takan sha lita 6 zuwa 7 a kilomita 100, yayin da takwararta mai fetur ke shan 9 zuwa 10. Da tanki ɗaya tana iya cin kilomita 1,000, kusan nisan Kano zuwa Legas. Amma ƙarancin sha ba shi kaɗai ne lissafi ba, sai an haɗa da farashin lita. Idan ta fetur na shan lita 10 inda ta dizal ke shan 7, to da zarar farashin dizal ya ɗara na fetur da kusan kashi 40 cikin ɗari, ribar ta ƙare.

Wannan ne ya sa motocin ba su yawaita a Najeriya ba. Gwamnati ta daɗe da janye hannu daga farashin dizal alhali a da tana biyan tallafi a kan fetur, kuma yawancin motocin hannu ana kawo su ne daga Amurka, inda fetur ke mulki. A 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, dizal ya ninka fetur tsada fiye da sau biyu. Cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da fara fitar da dizal daga matatar Dangote a 2024, sun rage wannan tazara. A Nijar da Chadi kuwa Land Cruiser mai dizal ta daɗe tana hannun hukumomi da ƙungiyoyin agaji masu ratsa hamada, kuma matatar SORAZ da ke Damagaram tana tace gazuwal tun 2011.

Kayan tace hayaƙi

Bambanci mafi girma tsakanin tsohuwar motar dizal da ta yau yana cikin salansa. Hayaƙin dizal yana ɗauke da baƙin toka da iskar gas masu cutar da huhu, kuma a 2012 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ke haddasa kansa. Dokokin Turai da ake kira Euro 5 na 2009 da Euro 6 na 2014 sun sa kamfanoni dogaro da na'urori uku.

Ta farko ita ce EGR, wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji don rage zafin ƙuna. Da tafiya ta yi nisa takan cika da toka ta maƙale. Ta biyu ita ce DPF, matatar da ke kama toka a salansa. Idan ta fara cika, kwamfutar mota takan ɗaga zafin hayaƙi zuwa kusan digiri 600 don ƙone tokar, kuma wannan aiki yana son tafiya mai ɗorewa ta minti 15 zuwa 30 a kan buɗaɗɗiyar hanya. Motar da aikinta kai yara makaranta da tsayuwa a cunkoso ba ta samun wannan dama, sai matatar ta toshe, fitilar gargaɗi ta kama, motar ta rage wa kanta ƙarfi. Ta uku ita ce tsarin AdBlue, ruwan yuriya mai kashi 32.5 cikin ɗari da ake zubawa a wani ƙaramin tanki na daban. Idan ya ƙare, motar ba za ta sake tashi ba sai an ƙara, domin haka aka tsara ta. Takin yuriya na gona da aka jiƙa a ruwa ba ya maye gurbinsa, lalata tsarin yake yi.

Wasu masu motoci kan sa a cire waɗannan na'urori a kuma sauya lissafin kwamfutar. A Turai wannan laifi ne, kuma a ko'ina sakamakonsa baƙin hayaƙi ne da mutanen da ke bayan motar za su shaƙa.

Ingancin mai

An ƙera motocin Turai ne don dizal da sinadarin sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Shekaru da dama ƙa'idar Najeriya ta yarda da dizal mai sulfa har kashi 3,000 cikin miliyan. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da iyakar kashi 50. Yawan sulfa yana kashe na'urorin tace hayaƙi, yana kuma gurɓata baƙin mai da wuri. Shi ya sa yawancin Land Cruiser da aka ƙera don kasuwar Afirka suka fi na kasuwar Turai jure man wannan yanki, domin kayan hayaƙinsu ba su kai na Turai sarƙaƙiya ba.

Ruwa da kananzir sun fi sulfa saurin ɓarna. Famfon mai na zamani yana aiki da matsin da ya kai bar 2,000, kusan ninki dubu na iskar taya, kuma dizal ɗin kansa ne ke shafa masa maiƙo. Kananzir ba shi da wannan maiƙo, ruwa kuma yana kawo tsatsa. Idan famfon ya ci kansa, garin ƙarfe kan bi bututu ya shiga dukkan nozul, gyaran kuma yakan haɗa da sauya famfo, nozul da wanke tanki. Saboda haka man jarka na 'yan bumburutu haɗari ne ga irin wannan mota, kuma an fi son gidan mai mai yawan ciniki wanda mansa ba ya daɗewa a ƙasa. Idan aka yi kuskuren zuba fetur, ƙa'ida ita ce kada a kunna motar ko kaɗan har sai an kwashe tankin.

Sabis da gyara

Motar da ke da DPF tana buƙatar baƙin mai na musamman mai ƙarancin toka, wanda lambarsa ke rubuce a littafin motar, kamar 229.51 a Marsandi ko Longlife-04 a BMW. A Turai akan yi kilomita 20,000 zuwa 30,000 kafin a sauya shi, amma kamfanonin da kansu suna shawartar a rage tazarar a wurare masu zafi da ƙura, kuma rabin wannan nisa ya fi dacewa da Sahel. Filtar mai da ta iska su ne masu gadin injin: a lokacin hunturu ta iska kan cika da wuri, kuma ƙurar da ta kuɓuce mata takan cinye fukafukan tobo, wanda ke juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Bayan doguwar tafiya yana da kyau a bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu a tsaye kafin a kashe, don tobo ya huce. Injin dizal kuma yana son batir mai ƙarfi, musamman da asubahin sanyi a wurare irin su Jos da Agadas.

Sauran jikin motar ma yana da nasa tsada. Yawancin S-Class da Range Rover suna zaune ne a kan jakunkunan iska maimakon sifirin, kuma ramukan hanya da zafi suna tsufar da su. Giyar motar mai sarrafa kanta tana buƙatar sauyin mai a kan kari. Ana samun kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja da Ladipo a Legas, amma na dizal ƙirar Turai sun fi na fetur wuya, wani lokaci sai an yi odarsu daga waje motar na ajiye. Bakaniken da ya ƙware a injin tirela ba lallai ne ya iya da wannan ba, domin sabon nozul ma sai an shigar da lambarsa cikin kwamfutar mota kafin ya yi aiki daidai.

Sayen ta hannu

Motar alfarma tana saurin faɗuwa a daraja, amma kayan gyaranta ba sa faɗuwa tare da ita. Wanda ya sayi S-Class mai shekara goma a farashin ƙaramar sabuwar mota zai ci gaba da biyan kuɗin gyara irin na mai sabuwa, kuma a nan ne ake gane cewa araha ba ta ado. Motocin dizal da ke fitowa daga Beljiyam da Jamus ta tashar Kwatano ko Legas galibi sun ci dogon zango, kuma mayar da mitar kilomita baya abu ne sananne. Kafin biyan kuɗi akan duba tarihin motar ta lambar shasi, a tayar da ita da safe injin na sanyi a kalli launin hayaƙi, a jona ta da kwamfuta a ga halin nozul da DPF, sannan a tabbatar da takardun kwastam. Ta Ingila mai sitiyari a dama ba ta halatta a kan titunan Najeriya ba.

Makomarta

A Satumbar 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta bankaɗo cewa Volkswagen ya sa wa motocinsa manhajar yaudarar gwajin hayaƙi, abin da ya shafi motoci kusan miliyan 11. Daga nan kasuwar dizal ta fara ja da baya. Hamburg ta hana tsofaffin motocin dizal bin wasu tituna a 2018, Landan ta ɗora musu kuɗin shiga gari a kullum daga 2019, Porsche ya daina ƙera masu dizal a 2018, Volvo kuma a 2024. Motocin da Turai ke rabuwa da su suna gangarowa kasuwannin Afirka a farashi mai jan hankali.

Motar alfarma mai dizal ta dace da wanda ke yawan doguwar tafiya, wanda ke da amintaccen gidan mai da ƙwararren bakanike, kuma ya ware kuɗin gyara tun kafin matsala ta zo. Ga mai zirga-zirgar cikin gari, takwararta mai fetur ta fi sauƙin riƙo da arahar gyara.