Taya Mai Rahusa Ko Mai Tsada: Abin Da Ya Kamata Mai Mota Ya Duba

Tun bayan da kamfanonin Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Nijeriya, daga waje ake shigo da galibin tayoyin mota, don haka farashinsu ke bin darajar dala. Wannan ne ya tura masu motoci da dama ga tayoyi masu rahusa.

Tayoyin manyan kamfanoni sun fi kama titi idan aka taka birki cikin ruwan sama, kuma ba sa saurin cinyewa. Ga direban da ke jigila tsakanin Legas da Kano a kan kwalta mai zafi, wannan bambanci ya cancanci ƙarin kuɗin. Mai zirga-zirga cikin gari kuwa, sabuwar taya mai rahusa za ta wadatar da shi.

Haɗarin ya fi yawa a tayoyin gwanjo, ko da na fitaccen kamfani ne. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana gargaɗin cewa wa'adin taya shekara 4 ne daga lokacin ƙera ta. Ana gane lokacin daga lambobi huɗu da ke gefenta: 1524 na nufin mako na 15 na shekarar 2024.