Yadda 'Yammata 'Yan Wasa Ke Zaɓen Jami'a A Amurka

Yau filin namu zai leƙa ƙasar Amurka, mu ga yadda yarinyar da ta gwanance a guje-guje ko ƙwallon kwando a sakandare takan zaɓi jami'ar da za ta shiga.

A can, jami'o'i kan nemi gwanayen 'yan wasa, su ɗauke musu kuɗin karatu, su kuma su yi wa makarantar wasa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin akwai jami'o'in da kuɗin karatunsu na shekara guda ya haura dala 60,000. A da, kusan maza kaɗai ke cin wannan moriya. Sai a 1972 aka kafa wata doka da ta hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Daga nan ƙofa ta buɗe wa mata.

Abu na farko da yarinya za ta duba shi ne ajin jami'ar. Tun 1973 hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta kasa makarantunta rukuni uku. Rukuni na ɗaya shi ne na manyan gasa da suna. Na biyu yana ba da sukolashif, amma galibi wani ɓangare ne na kuɗin. Na uku kuwa ba ya ba da sukolashif na wasa ko kaɗan, sai taimako don ƙoƙarin karatu ko rashin hali. Hukumar da kanta ta ce kimanin 2 cikin 100 na 'yan wasan sakandare ne ke samun sukolashif na wasa.

Na biyu shi ne karatu. Komai gudun yarinya, ba za ta yi wasa a shekararta ta farko a rukuni na ɗaya ba sai ta ci darussa 16 da aka ƙayyade, ciki har da Turanci da lissafi da kimiyya, da matsakaicin maki 2.3 cikin 4. Ashe ke nan wadda ta yar da littafi saboda fili, ta yi biyu babu.

Na uku, gani ya kori ji. Jami'a kan gayyaci yarinya ziyara, ta biya mata kuɗin tafiya da masauki. Mai wayo ba ta tsayawa kallon filin wasa kawai. Takan keɓe da 'yan wasan makarantar ta tambaye su halin mai horarwa, da ko ana barin su halartar aji, tun da horo da gasa kan ci har awa 20 a mako, ban da tafiye-tafiye.

Na huɗu, kada a sayi biri a sama. Alkawarin baka da mai horarwa zai yi ba ya ɗaure kowa, sai an sa hannu a takarda. Sukolashif da yawa na shekara guda ne, ana sabuntawa. Don haka iyaye kan tambaya: in ta ji rauni fa? In mai horarwan ya koma wata makaranta fa? Gaskiya ne tun 2021 an yarda ɗalibi ɗan wasa ya sami kuɗi ta hanyar talla da sunansa, kuma sauya makaranta ya yi sauƙi, amma mai yawan ƙaura takan rasa wasu darussan da ta riga ta ci.

Masu ba da shawara a can suna da wata tambaya da ta tattara kome: in ƙafarki ta karye gobe, har ba za ki sake wasa ba, za ki so ki zauna a wannan makaranta? In amsar a'a ce, to, ba wurinki ba ne. Dalili kuwa, kaɗan ne ke cin abinci da wasa bayan jami'a. A 2024, babbar gasar ƙwallon kwandon mata ta ƙwararru 'yan wasa 36 kacal ta zaɓa.

'Yan Nijeriya ma sun bi wannan hanya. Mary Onyali ta yi karatu a jami'ar Texas Southern, ta kuma ci tagulla a gudun mita 200 a Olamfik na 1996. Tobi Amusan ta shiga jami'ar Texas da ke El Paso a 2016, a 2022 kuma ta kafa tarihin duniya a gudun tsallake shinge na mita 100, cikin daƙiƙa 12.12.

To, 'yan makaranta, ƙafa takan gaji, amma ilmi yana tare da mai shi har tsufa. Ke kuma uwargida, in Allah ya hore wa 'yarki baiwar wasa, ki ƙarfafa mata gwiwa, amma ki fara tambayarta abin da take so ta karanta.